Cutar da gwamna ya ce za ta warku: yadda hukumar Rum ta yi fama da Kiristanci a lardin Bitiniya da Fontus, 112 zuwa 325

Yadda wurin yake kafin rigima

Lardi guda za mu bi, a gefen kudu na Bahar Aswad, wato arewacin Turkiyya ta yau. Yankuna biyu Rumawa suka haɗe suka yi musu gwamna ɗaya, Bitiniya ta yamma da Fontus ta gabas. Yawanci garuruwan bakin teku ne masu tashar jiragen ruwa, ana fataucin kifi da katako, mutanen birni Girkanci suke ji, akwai kuma Yahudawa zaune a cikinsu tun da daɗewa. Babban birnin shi ne Nikomidiya wadda yanzu ake ce wa Izmit, sai kishiyarta Nikiya wato Iznik, sai irin su Sinof da Amastiris da Amisus can gabas.

Littafin Ayyukan Manzanni na cikin Baibul ya ce manzo Bulus ya so shiga Bitiniya amma ba a ba shi izini ba, ya wuce wani wajen. To amma duk da haka addinin ya shiga. A cikin baƙin da aka lissafa a Urushalima ran Fentikos akwai mutanen Fontus, Akila maɗinkin tanti da Bulus ya zauna a gidansa a Korinti ɗan asalin Fontus ne, sannan wasiƙar Bitrus ta fari ta ambaci Fontus da Bitiniya a cikin wuraren da aka aika ta. Matafiya ne da fatake da masu sana'a suka shigo da shi, gida gida, ba wani gangami.

Wajen 110: an turo mai binciken kuɗi

Sarki Tarajan ya turo Filini Ƙarami, lauya kuma sanata, ya zo ya gyara lardin, kuma maganar addini ba ta cikin abun da ya kawo shi. Kuɗi ne. Nikomidiya ta kashe sestarti (kuɗin Rum) 3,318,000 a kan aikin jawo ruwa aka watsar ba a gama ba, Nikiya ta zuba sama da miliyan 10 a gidan wasa ga bango yana tsagewa tun ba a buɗe ba, alhali albashin soja a lokacin 1,200 ne a shekara. Aikin kwangila dai tun zamanin yake halinsa.

Akwai wani abu da ya faru da ya kamata a riƙe. Gobara ta tashi a Nikomidiya ta ci gidaje da yawa mutane suna tsaye suna kallo ba ko bokiti, sai Filini ya rubuta wa sarki yana neman izinin kafa 'yan kwana-kwana mutum 150 kacal, ya ce shi zai sa musu ido. Tarajan ya ce a'a. Dalilinsa wai garuruwan nan duk ƙungiyar da ka kafa ko da wane suna ka ba ta, ba a daɗewa ta koma ta siyasa, gara a sayi kayan kashe wuta a ajiye kowa ya taimaki kansa. Filini ma ya fitar da oda ta hana ƙungiyoyi a lardin. Hukumar da ke tsoron 'yan kwana-kwana ita ce za ta ci karo da mutanen da ke taruwa da asuba a gidajen juna.

Wajen 112: ƙarar farko

A wani gari na ɓangaren Fontus, wanda gwamnan bai ambaci sunansa a rahotonsa ba, aka kawo masa wasu mutane ana ƙararsu wai Kiristoci ne. Shi da bakinsa ya faɗa wa sarki cewa bai taɓa zama a irin wannan shari'a ba, bai san me ake hukuntawa ba, sunan ne kawai laifi ko sai an samu wani aika-aika a tare da sunan, yaro da babba ɗaya ne, wanda ya tuba a sake shi ko tuban banza ne.

Abun da ya fara yi mai sauƙi ne. Ya tambayi mutum, kai Kirista ne? In ya ce e, ya sake tambaya karo na biyu da na uku yana yi masa barazanar kisa. In ya kafe, a tafi da shi a kashe. Hujjarsa ita ce ko ma mene ne suka yi imani da shi, taurin kan da suke nuna wa gwamna ya isa hukunci. Waɗanda suke da takardar zama 'yan ƙasar Rum kuwa bai taɓa su ba, ya rubuta sunayensu a tura su Rum.

Sakamako: ƙararraki suka ƙaru. Da mutane suka ga kotu tana karɓa sai kowa ya tuna da maƙwabcinsa.

Takardar da ba sa hannu, da gwajin turare

Ana cikin haka aka jefo wata takarda ba suna ba sa hannu, cike da sunayen mutane. Nan Filini ya fito da gwaji. Ya sa aka kawo mutum-mutumin sarki aka jera da gumaka a gaban kotu, aka ajiye turaren wuta da ruwan inabi. Mutum zai maimaita kiran alloli yadda gwamna ya faɗa, ya ƙona turare ya zuba ruwan inabi, sannan ya zagi Almasihu. An gaya masa Kirista na gaske ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Wanda ya ce shi bai taɓa zama Kirista ba kuma ya yi ukun nan, shikenan, ya tafi gida.

Sai ga rukuni na uku da suka rikita lissafi. Su suka ce e mun taɓa yi amma mun bari, wani shekara 3 da suka wuce, wani fiye, wani ma shekara 20. Wannan magana ta shekara 20 ita ke nuna tun wajen 92 akwai Kiristoci a garin, har an yi waɗanda suka shiga suka fita. Duk suka yi gwajin, kuma daga bakinsu gwamna ya ji yadda abun yake. Wai akwai rana tsayayya da suke haɗuwa kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta, su yi alkawari ba sata ba fashi ba zina ba cin amana, in an ba su ajiya ba za su musa ba. Su watse, an jima su dawo su ci abinci tare, abinci irin na kowa, kuma ko wannan cin abincin sun daina tun da odar hana ƙungiyoyi ta fito.

Bai gamsu ba. Ya kama wasu bayi mata biyu da ake kira masu hidima a cikin taron, ya sa aka gana musu azaba don su faɗi gaskiya, haka dokar Rum take ɗaukar shaidar bawa. Bai samu komai ba illa abun da ya kira mugun camfi wanda ya wuce kima. Sai ya dakatar da shari'ar ya rubuta wa sarki, domin yawan mutanen ya ba shi tsoro, manya da yara, maza da mata, masu kuɗi da talakawa, kuma ba birni kaɗai ba har ƙauyuka da karkara. Ya kira abun annoba, amma ya ce za a iya tsayar da ita a warkar. Shaidarsa: haikalin gumaka da aka kusa ƙaurace musu sun fara cika, bukukuwan da aka daina sun dawo, naman hadaya da a da da ƙyar yake samun mai saye yanzu ana sayar da shi ko'ina. Wannan layi na ƙarshe shi ya sa masu tarihi da yawa suke zargin mahauta da masu cin abinci a bakin haikali suna cikin waɗanda suka kai ƙara.

Amsar sarki

Gajera ce. Ba za a iya kafa doka ɗaya ga kowa ba. Kar a bi su ana farauta. In an kawo ƙara an tabbatar, a hukunta. Wanda ya musa ya nuna a aikace ta hanyar bauta wa alloli, a yafe masa komai zargin da ke kansa a baya. Takardar da ba sa hannu kuwa kar a karɓa, mugun misali ne, bai dace da zamaninmu ba.

Wajen shekara 10 bayan haka Sarki Hadiriyan ya ƙara ɗaure wa tsarin gindi a wasiƙarsa ga gwamnan lardin Asiya, ya ce mai ƙara ya fito kotu da kansa ya kawo hujja, ba ihun taro ba, in ƙazafi ne shi a hukunta shi. Tartuliyan, wani marubuci Kirista a Kartaj cikin Tunisiya ta yau, ya yi wa amsar Tarajan ba'a wajen 197, yana cewa in masu laifi ne me ya hana a neme su, in ba su da laifi me ya sa ake kashe su.

112 zuwa 249: dogon shiru

Kusan shekara 140 wannan tsari ne ke aiki. Ana kashe mutane jefi jefi in gari ya harzuƙa ko gwamna mai zafi ya zo, amma ba kamen ƙasa baki ɗaya.

Wajen 140 wani mai jiragen ruwa ɗan Sinof, Markiyon, ya je Rum ya ba cocin can kyautar sestarti 200,000, da suka saɓa a kan aƙida a 144 aka mayar masa da kuɗinsa aka kore shi, ya je ya kafa nasa cocin da ya bazu ƙasashe. Ka ga ba bayi da talakawa kaɗai ba ne. Wajen shekarun 160 wani boka a garin Abonutaikos mai macijin da ake zuwa neman duba wurinsa yana kukan wai Fontus ta cika da marasa alloli da Kiristoci, har sai an yi shelar Kiristoci su fita kafin ya fara bikinsa. Wajen 170 bishop na Korinti ya rubuta wa cocin Nikomidiya wasiƙa, ya rubuta wa ta Amastiris da sauran na Fontus wata, a cikinta yana umartarsu su karɓi duk wanda ya faɗi ya dawo, ko wane irin faɗuwa ne.

Can cikin Fontus kuma, a Niyokaisariya wadda yau ake kira Niksar, ko da yake a mulkance tana ƙarƙashin wani gwamna daban, wajen 240 aka naɗa Girigori bishop, ɗan babban gida da ya yi karatu wurin malami Orijin. Labarin da aka rubuta a kansa sama da shekara 100 bayan nan ya ce Kirista 17 ya tarar, ya mutu ya bar masu bautar gumaka 17. Wannan kam lissafin yabo ne. Abun da ya fi kama hankali a labarin shi ne wai ya mayar da ranakun tunawa da shahidai bukukuwan shekara, don mutanen karkara da suka saba da shagalin gumaka kar su rasa ranar taro.

250: kowa ya kawo satifiket

Sarki Desiyus ya juya tsarin. Ya ce kowa da kowa a daula ya yi hadaya gaban kwamiti, ya zuba ruwan inabi, ya ɗanɗani naman, a ba shi takardar shaida da sa hannu. An tono irin takardun nan sama da 40 a Masar, masu kwanan watan Yuni da Yuli na 250. Gwajin Filini ne dai aka mayar na ƙasa baki ɗaya, ba sai an kawo ƙara ba.

A farko ya ci sosai. Bishop na Rum ya mutu a hannun hukuma a Janairu 250, na Simirna, wato Izmir ta yau, shi da kansa ya je ya yi hadayar, jama'a suka yi ta layi, wasu suka ba da cin hanci aka rubuta musu takarda ba su yi komai ba, wasu suka gudu. Girigori ya ce wa mutanensa su tsere, shi ma ya hau duwatsu. Amma a 251 Desiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa, dokar ta bi shi, waɗanda suka faɗi suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofar coci. Aka yi rigima mai zafi, ɓangaren Nobatiyan, wani malamin cocin Rum, suka ce ba a karɓarsu har abada suka ɓalle, kuma sun yi ƙarfi a wannan yanki na dogon lokaci, amma mafi yawan bishop-bishop suka tsaya a kan a karɓe su bayan zaman tuba.

Sarki Baleriyan ya gwada nasa a 257 da 258, shi ya nufi shugabanni da dukiya, hana taro, kashe bishop-bishop, ƙwace kadarar manya. A 260 Farisawa suka kama shi da ransa, ɗansa Galiyenus ya mayar wa Kiristoci wuraren ibada da maƙabartu. Aka samu shekara 40 da ɗoriya ba takura daga sama.

303: an fara daga gaban fada

Zuwa wannan lokaci Nikomidiya ta zama mazaunin Sarki Diyokiletiyan, kuma cocin garin a kan tudu take, ana hango ta daga fada. Laktantiyus, malamin balaga da ke koyarwa a garin, ya rubuta yadda aka yi. Ran 23 ga Fabrairu 303 da asuba jami'ai suka ɓalle ƙofa suka ƙona littattafai, aka yi gardama ko a cinna wa ginin wuta, sarki ya ƙi don akwai manyan gidaje kewaye, sai dogarai suka zo da gatura da ƙarafa suka baje shi cikin 'yan awoyi. Washegari aka manna doka: a rushe coci-coci, a ƙona littattafai, Kirista mai muƙami ya rasa muƙaminsa, ba shi da bakin kai ƙara kotu. Wani mutum ya yage takardar a bainar jama'a, aka gasa shi a wuta.

Gobara ta tashi a fada sau biyu cikin kwana 15, aka ɗora wa Kiristocin cikin gida, sai ga shi manyan barorin sarki na kusa da shi suna ciki, aka kashe su, har matar sarki da 'yarsa sai da aka tilasta musu yin hadaya. An sare kan bishop na garin, Antimus, a cikin wannan guguwa. Doka ta biyu ta ce a kulle duk shugabannin coci, kurkuku suka cika har ba wurin sa ɓarayi, ta uku ta ce a saki wanda ya yi hadaya, har ta kai ana jan mutum da ƙarfi zuwa bagade a ce ai ya yi a kore shi. Ta huɗu a 304 ta haɗa kowa. Diyokiletiyan ya sauka daga mulki a 305, mataimakinsa Galeriyus ya gaje shi ya ci gaba da kamen a gabas.

311 zuwa 325: an sauke hannu

Ran 30 ga Afrilu 311 aka manna wata takarda a Nikomidiya daga Galeriyus, yana kwance ciwon ajali. A ciki ya amsa cewa da yawa sun kafe, yanzu ba sa bauta wa alloli kuma an hana su bauta wa nasu, don haka su koma su yi taronsu muddin ba su ta da hankali ba, su yi masa addu'a shi da ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ya mutu.

Maksiminus da ya karɓe yankin ya gwada wata dabara, ya sa garuruwa har da Nikomidiya suna kawo koke a kori Kiristoci, ya naɗa manyan limaman gumaka lardi lardi, ya sa ana koyar da yara wani rubutun ƙarya da aka jingina wa Bilatus, gwamnan Rum da ya yi wa Yesu shari'a. Bai kai ko'ina ba, abokin hamayyarsa Sarki Likiniyus ya ci shi da yaƙi, ran 13 ga Yuni 313 aka manna a Nikomidiya abun da Likiniyus da Kustantin, sarkin ɓangaren yamma, suka amince a Milan, kowa ya bi addinin da yake so, a mayar da kadarorin coci ba biyan ko sisi. Likiniyus ma ya ɗan juya baya daga baya, amma a 324 Kustantin ya kayar da shi a bakin tekun Bitiniya.

A 325 bishop wajen 250 zuwa 300 suka taru a Nikiya, hukuma ce ta ɗauki nauyin tafiyarsu, sarki da kansa ya zauna. Kowa ya san taron da maganar aƙida, amma a cikin dokokin da suka kafa akwai ta waɗanda suka yi hadaya ba tare da an matsa musu ba: shekara 3 suna saurare, 7 suna durƙuso cikin masu tuba, 2 suna addu'a tare da jama'a ba cin jibin Ubangiji, 12 ke nan, sannan su dawo cikakku.

Me ya ci, me bai ci ba

Ni a ganina Filini bai yi ƙarya ba da ya ce haikali sun cika, gwajin turare yana aiki a kan mutum ɗaya a rana ɗaya, kuma duk lokacin da aka yi shi an samu masu faɗuwa da yawa. Inda lissafin ya karye shi ne hukuma ta ɗauka wanda ya ƙona turare ya tafi ke nan. Tun wajen 170 ana gaya wa cocin Fontus su buɗe wa mai dawowa ƙofa, don haka duk kamen da aka yi, in ya lafa, yawancin asarar tana dawowa, ga kuma sabbin shahidai da za a riƙa taruwa a kabarinsu duk shekara.

Na biyu, amsar Tarajan da ake yaba wa saboda adalcinta ita ta ba da fili. Tunda mai ƙara sai ya fito da fuskarsa, kuma wanda aka kai ƙarar zai iya ƙona turare ya fita ya bar shi da kunya, mutane ba su cika damuwa ba. Cikin wannan shirun abun ya bi gidaje da tashoshin jirgi ya shiga manyan gida, lokacin da aka ce a tumɓuke shi da gaske a 303 ya riga ya kai ɗakin kwanan sarki. Masu tarihi da dama suna kiyasin Kiristoci sun kai kashi 10 cikin 100 na daular wajen 300, kuma wannan yanki yana cikin inda suka fi yawa. Kamen kuma kullum rataye yake da ran sarki guda, Desiyus shekara ɗaya da 'yan watanni, Baleriyan 3, mafi tsawo wajen 10 a gabas, su kuwa suna da bishop a kowane gari, da asusu, da wasiƙu masu yawo tsakaninsu. Maganar asusun nan ba ƙarama ba ce, ko Sarki Yuliyan da ya so dawo da gumaka a 362 ya rubuta wa babban limamin gumaka na Galatiya, maƙwabciyar lardin, yana cewa abin kunya ne Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da namu, ya ba da oda a gina masaukin baƙi.

Abun da ya kawo wa hukuma sauƙi a ƙarshe shi ne sakin hannu, ko da yake sauƙin bai zo kyauta ba, don rigimar cikin coci ta koma kan teburin sarki. 'Yan watanni bayan taron 325 Kustantin ya kori bishop na Nikomidiya da na Nikiya kanta daga ƙasa saboda goyon bayan ɓangaren Ariyus, malamin cocin da taron ya yi tir da koyarwarsa, wajen 328 ya dawo da su, kuma na Nikomidiyan ne ya yi masa baftisma a 337 dab da mutuwarsa.